Ɗaga tsohuwar Marsandi don rairayin Dakoro: Wa ke auna tsayin kafin a zuba mutane?

Kwaltar da ta tashi daga Tibiri tana kai matafiyi garin Dakoro ba tare da wata wahala ba. Sai dai mafi yawan ƙauyuka da rugage da kasuwannin wannan yanki na arewacin jihar Maraɗi ba a bakin kwalta suke ba. Mai nufin ƙauyukan kwarin Tarka, ko rugagen da ke wajen Bermo da Gadabeji, ya san inda zai ƙare: rairayi mai zurfi, wanda manyan motoci suka haƙa wa sawu biyu suka bar tudu a tsakiya. Ƙaramar mota idan ta shiga, cikinta ne ke ɗarewa kan tudun, tayoyi su yi ta juyawa a banza, fasinjoji su sauko a yi ta turi cikin rana.

Shi ya sa ɗaga mota ba sabon abu ba ne a garejojin ƙasar Hausa. Tun zamanin Fijo 504 kanikawa ke ƙara wa motocin haya ƙarfen sifirin, su sa musu tayoyin da suka fi na asali, don su iya kaya su kuma iya hanya. Abin da ya sauya shi ne irin motar da ido ke kai. Duk matashin da ke da waya ya ci karo da bidiyon Turawa da Amurkawa a TikTok ko Facebook, sun ɗauko tsohuwar Mercedes-Benz ko Lexus ko Porsche, sun ɗaga ta, sun sa mata manyan tayoyi da fitilu a ka, tana keta daji kamar don shi aka yi ta. Ga kuma lissafin aljihu. Motar alfarma idan ta tsufa kuɗinta faɗuwa yake yi warwas, saboda kowa na tsoron kayan gyaranta, amma Hilux da Land Cruiser ko sun shekara ashirin sai mai hannu da shuni. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, motar da a da ake saukewa a Kwatano sai ta zagayo ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Mai neman abin da zai yi jigilar cin kasuwa da shi, idan ya ga Marsandi a araha, dole ransa ya biya.

Tunanin ba na hauka ba ne, kuma tarihi na bayansa. A 1975 Peugeot 504 ta lashe tseren Safari na Kenya. A 1979 Marsandi samfurin 450 SLC ta kwashe matsayi na ɗaya zuwa na huɗu a tseren Bandama na ƙasar Kodibuwa. A 1984 Porsche 911 ce ta zo ta ɗaya a tseren Paris zuwa Dakar, wanda a shekarun nan yake ratsa Tenere da Agadas. Wani kamfani a gabashin Faransa, Dangel, tun 1980 ya fara mayar da 504 mai ja da ƙafa huɗu.

Amma labarin da ya fi dacewa kanikawan Dakoro su riƙe shi ne na 1981. A shekarar an ga Rolls-Royce, motar sarakuna, cikin masu tseren Dakar, tana tallar wani turare mai suna Jules. Duniya ta yi ta mamaki. Da aka leƙa ƙarƙashinta, kayan ƙafa da na ja duk na Toyota Land Cruiser ne, inji na Chevrolet, jikin kuma kwaikwayo ne da aka zuba da roba mara nauyi. Wato masu kuɗin da suka fi kowa iya ɗaga motar alfarma sun duba suka ga hamada ta fi ƙarfin wannan dabara, sai suka sa wa Toyota rigar sarki. Kama da wane ai ba wane ba ce.

Dalilin yana cikin ƙirar. Hilux da Land Cruiser a kan shasi suke zaune, wato ƙarafa biyu masu kauri da suka miƙe daga gaba zuwa baya, jiki kuma ɗorawa aka yi. Motar alfarma ta cikin gari jikinta shi ne ƙashinta. Idan aka cusa mata ƙarfe ko guntun roba a saman sifirin aka ƙara mata tsayi, jikin bai ƙara ƙarfi ba, kuma kowace gaɓa ta ƙafa ta koma aiki a karkace. Tiyon birki da aka yanka daidai tsayin asali sai ya miƙe har ƙarshensa duk lokacin da taya ta faɗa rami. Babbar taya kuma birki take cuta: tsawonta ya ƙaru, nauyinta ya ƙaru, amma faifan da zai tsayar da ita shi ne dai na da. Giya mai canja kanta, idan aka haɗa ta da babbar taya da rairayi da zafin watan Afirilu, mai ne ke dahuwa a cikinta tun kafin direba ya ji wari.

Duk waɗannan asarar dukiya ce. Abin da ke cin rai shi ne kifewa, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana auna saurin kifewar mota ta hanyar raba faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa. Ɗauki motar da faɗinta ya kai santimita 150, cibiyar nauyinta na santimita 55. Amsar ita ce 1.36, mota ce da sai an yi da gaske za ta kife. A ɗaga ta da santimita 10 kawai, amsar ta sauko 1.15. A ɗora buhunan gero da jarkokin mai da akuyoyi a ka, mutum uku ko huɗu su hau bisa kayan, cibiyar ta haura santimita 80, amsar ta koma 0.94. Faɗin bai motsa ba ko da ɗan yatsa. Motar da a jiya za ta zame ta tsaya idan direba ya kauce wa jaki, yau juyewa za ta yi. Baturen da ke cikin bidiyo shi kaɗai ne ko su biyu, ɗaure da bel, wani lokaci har da kejin ƙarfe a cikin motar. Wadda za ta tashi daga tashar Dakoro ranar kasuwa kowa ya san yadda ake cika ta.

Abin haushin ma, tsayi ba shi ne babban maganin rairayi ba. Tsofaffin direbobin jeji sun sani: ana rage iskar taya ta baje a kan yashi, ana rage kaya, ana fita da sanyin safiya kafin rairayi ya saki, ana riƙe giya ɗaya ba tare da yawan taka birki ba. Bayan waɗannan sai ja da ƙafa huɗu da ƙaramar giyar ƙarfi. Tsayi yana hana ciki taɓa tudu, shi ke nan aikinsa. Marsandin da ke ja da ƙafar baya kawai, ko an ɗaga ta ta kai raƙumi, tayar baya ɗaya na samun rami za ta haƙa wa kanta kabari.

Kuma ba duk motocin alfarma ne ɗaya ba. Tsohuwar Marsandi mai shan gas da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986, wadda masana ke kira W123, ba ta da kwamfuta, kowane bakanike na iya buɗe injinta a gindin bishiya, shi ya sa ta yi shekaru tana tasi a ƙasashen Afirka. Ita ɗan ƙarin tsayi na hankali da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji na iya yi mata amfani a kan burji. Lexus LX 470 kuwa Land Cruiser ce da ma, kujerun fata kawai aka sa mata. Matsalar tana ga irin manyan Marsandin da suka fito daga 1998, masu zama a kan jakar iska maimakon sifirin, da na'urori a kowane lungu. Jaka ɗaya ta fashe a bayan Sakabal, mota ta durƙusa, kuma ba a Dakoro ake sayar da irinta ba.

To, a hana ke nan? Wannan ita ce amsa mafi sauƙi ga mai zaune a ofis a Yamai, kuma ita ce mafi rashin amfani. Macen da naƙuda ta tsananta wa a wata ruga, zaɓinta amalanken shanu ne, ko babur, ko motar da ta samu. Mai kai awaki kasuwa haka. Dokar hani ba za ta kawo musu Land Cruiser ba. Abin da za ta haifar shi ne ƙarin ciniki a shingayen hanya, motocin kuma su ci gaba da tafiya yadda suke. Gina hanyoyin karkara shi ne maganin gaske, amma ba a damina ɗaya ake yin sa ba, mutane kuma gobe za su yi tafiya.

Abin da ake iya yi yanzu ba ya bukatar biliyoyi. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da masu binciken lafiyar motoci su fitar da iyaka a rubuce, da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a karanta a gidajen rediyon karkara: santimita nawa aka yarda a ƙara wa ƙaramar mota, girman taya nawa, kilo nawa a saman motar da aka ɗaga. Duk motar da aka taɓa wa ƙafa, a sake duba birki da tiyo da sitiyari kafin ta ɗauki fasinja ko ɗaya. Asusun koyar da sana'o'i na FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi su kira kanikawa da masu walda su zauna da su na 'yan kwanaki. Mutanen nan ba basira suka rasa ba, wanda ya iya tayar da injin da ya girme shi ba zai kasa gane lissafin santimita ba. Babu dai wanda ya taɓa nuna musu shi.

Ƙungiyar direbobi ma na da nata kason, kuma nata ya fi sauri. 'Yan kamasho ne ke tsaye a wurin lokacin da ake lodi, su ke ganin wace mota aka ɗaga, su ke ganin wa ya hau bisa kaya. Idan tashar Dakoro ta yanke cewa motar da aka ƙara wa tsayi ba ta fita da mutum a samanta, kuma buhuna masu nauyi ƙasa za su zauna, dokar za ta fara aiki ranar kasuwa mai zuwa, ba sai an jira takarda daga Yamai ba.