Kimiyya A Sauƙaƙe: Kafin Ka Zargi Allo, Binciki Kati

A wannan mako filinmu zai amsa wata takarda da ta zo mana daga wani malamin makaranta a unguwar Kurmin Sarki, cikin garin Suleja ta Jihar Neja. Malamin yana da allon kwamfuta, watau abin da 'yan zamani ke kira tablet, wanda ya daɗe yana shirya darussa da shi. Da allon ya tsufa, manhajoji suka fara ƙin buɗewa, sai aka ba shi shawara ya sauko da wata sabuwar babbar manhaja daga intanet, ya zuba ta a katin memori, ya ɗora wa allon. Ya yi yadda aka ce. Yanzu kuwa in ya kunna, allon sai ya nuna tambarin kamfani ya tsaya cik, ba gaba ba baya. Tambayarsa ita ce: allon ya mutu ke nan?

Amsa a taƙaice ita ce, galibi bai mutu ba. Allon da ke nuna tambari yana da sauran numfashi. Amma da yake wannan matsala ba ta malamin ba ce shi kaɗai, ya kamata mu bi ta daki-daki, domin abin da muka lura da shi shi ne, sau da yawa laifin ba na allo ba ne, ba kuma na manhajar ba. Yana ɓoye ne a cikin kati, ko cikin fayil, ko cikin gaggawar mai aikin.

Da farko, me ke kai mutum ga wannan aiki? Kamfanonin da ke ƙera alluna sukan daina aiko musu da gyara bayan 'yan shekaru, alhali ƙarfen da gilashin suna nan garau. A watan Oktoba na 2023, alal misali, WhatsApp ya daina aiki a kan duk na'urar da Android ɗinta bai kai na 5 ba. Ga shi kuwa gari irin Suleja, inda dubban ma'aikatan Abuja ke kwana saboda sauƙin haya, cike yake da alluna na hannu, waɗansu an kawo su daga Turai da Amurka, waɗansu kuma ragowar waɗanda aka raba wa matasa a shirin N-Power da aka fara a 2016. Mai albashi ba kullum yake iya sayen sabo ba. Da yake tushen Android a buɗe yake ga kowa, waɗansu masana sukan ɗauke shi su gina nasu, su raba kyauta. Wadda ta fi shahara a da ita ce CyanogenMod, da ta rufe a ƙarshen 2016 kuma LineageOS ta gaje ta. Saboda haka niyyar malamin ba ta da aibi. Hanya ce take da ƙa'idoji.

Ƙa'ida ta farko ita ce sanin sunan allo na ainihi. Sunan da ke jikin kwali bai isa ba, sai an duba lambar samfuri da ke bayan allon ko cikin saiti. Ɗauki Galaxy Tab A na Samsung mai inci 10.1 da ya fito a 2016: akwai SM-T580 wanda ba ya ɗaukar layin waya, akwai SM-T585 mai ɗaukar layi. A ido tagwaye ne, amma kowanne da irin manhajarsa. Manhajar kirki takan bincika sunan allo kafin ta shiga, in ta ga ba gidanta ba ne sai ta tsaya, shi ne mutum zai ga an rubuta masa kuskure mai lamba 7. Wannan lamba kan fito kuma idan ɗakin gyaran da ake aiki da shi ya tsufa. Akwai masu ba da shawara a buɗe fayil a goge layukan da ke wannan bincike don a tilasta mata shiga. Kada a yi. Wanda ya kori mai gadi don ya hana shi shiga gidan da ba nasa ba, shi ya san abin da zai tarar a ciki. Ya kamata kuma a sani, yawancin ƙananan alluna masu araha ba su cikin jerin waɗanda LineageOS ke yi wa manhaja. Idan ba a yi wa allonka ba, to ba a yi ba, ta maƙwabcinsa ba za ta zauna masa ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce buɗe ƙofa. Kowane allo yana da wata 'yar manhaja da ke fara tashi kafin kome, masu gyara suna kiranta butloda, aikinta shi ne ta hana baƙuwar manhaja shiga. Akan buɗe ta ne ta cikin saiti: a taɓa lambar gini sau 7 har sashen masu ƙira ya bayyana, a ba da izinin buɗewa, sa'an nan a ƙarasa bisa hanyar da aka tsara wa wannan samfuri. Buɗewar tana share duk abin da ke cikin allo. Waɗansu kuma ba sa buɗuwa sam: Huawei ya daina ba da lambobin buɗewa tun 2018, haka nan da yawa daga cikin waɗanda kamfanonin sadarwa na Amurka suka sayar a kulle suke. Bayan ƙofa sai ɗakin gyara, watau rikobari, wanda ake shiga ta hanyar danne maɓallin kunnawa tare da na ƙara. Wanda kamfani ya sa ba ya karɓar fayil sai mai ɗauke da hatimin kamfanin, shi ya sa yakan ce hatimi bai inganta ba. Dole a maye gurbinsa da wani, kamar TWRP ko na LineageOS, kuma wannan mataki yawanci yana bukatar kwamfuta da igiya mai kyau.

Yanzu sai mu zo ga kati, wanda shi ne ya fi kowa ɓata wa mutane rai. Matsalolinsa uku ne.

Ta ɗaya, jabu. Akwai katunan da aka rubuta wa giga 64 ko 128, alhali abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. An yi wa ƙwaƙwalwarsu dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Idan ka zuba fayil, za ka ga sunansa da girmansa daidai, amma abin da ya wuce ainihin cikin katin ya zube ko ya danne na baya. Da hoto ko waƙa ne, sai ka ce sun lalace ka haƙura. Babbar manhaja kuwa in ta shiga rabi ta yanke, allo ya tsaya. Maganin abin shi ne a gwada kati kafin a fara. Akwai H2testw ta kwamfuta mai Windows, akwai F3 ta Linux, dukansu kyauta ne, suna cika kati da rubutu su karanto don su ga ko ya riƙe. Gwajin yana cin lokaci, amma araha ba ta ado, kuma katin da kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran, akwai dalili.

Ta biyu, tsarin kati. Kati mai giga 32 ko ƙasa yakan zo da tsarin FAT32, wanda ya haura haka kuma yakan zo da exFAT. Tsofaffin alluna da tsofaffin ɗakunan gyara da yawa ba su san exFAT ba, sai mutum ya shiga ya tarar kamar babu kati a ciki. FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. Don haka ƙaramin kati na gaske, mai giga 8 ko 16, wanda aka wanke da FAT32, ya fi babba amfani a wannan aiki.

Ta uku ita ce mafi ciwo. Tun daga Android na 6, wanda ya fito a 2015, alluna da yawa suna ba mutum zaɓi ya haɗe kati da cikin allo su zama rumbu ɗaya. Katin da aka yi wa haka a kulle yake, mabuɗinsa kuma yana cikin allon. Ranar da aka share allo, mabuɗin ya tafi, duk hotuna da takardun da ke katin sun tafi tare da shi, babu mai gyaran da zai dawo da su. Wanda ya san katinsa haka yake, ya kwashe kayansa zuwa kwamfuta tukuna, ya kuma nemi wani kati dabam don aikin.

Bayan kati sai fayil. Babbar manhaja nauyi gare ta, layin intanet kuwa yakan yanke, wani lokaci sai fayil ya sauka da giɓi ba tare da ya sanar ba. Masu yin manhaja sukan rubuta wata doguwar lamba kusa da fayil, mai suna SHA-256 ko MD5, wadda take kamar zanen yatsansa. Idan ka auna wanda ke kan katinka lambar ta bambanta ko da harafi ɗaya, fayil ɗin ba shi ba ne, a sake saukewa. A lura, kan katin za a auna, ba kan kwamfuta kaɗai ba, don a kama laifin kati da na layi a lokaci guda. Kada kuma a warware ƙunshin, a bar shi yadda ya zo. A sauko da shi daga gidan masu shi, domin manhajar da ba a san wanda ya taɓa ta ba tana iya zuwa da ɓarawo a cikinta.

To, allon da ya riga ya tsaya a tambari fa, irin na malamin Kurmin Sarki? Da fari a yi masa haƙuri, tashin farko yakan ɗauki minti 10 ko 15. Idan ya wuce haka, ko yana ta mutuwa yana tashi, a danne maɓallai a koma ɗakin gyara. Muddin ɗakin yana buɗuwa, aikin mai sauƙi ne. Abin da ya fi jawo wannan tsayawa shi ne ɗora sabuwar manhaja a kan tarkacen tsohuwa. Sai a share bayanan tsohuwar gaba ɗaya, a sake ɗora sabuwar daga katin da aka gwada. Idan ana son manhajojin Google, a tabbata ƙunshinsu ya dace da lambar Android ɗin da kuma irin ƙwaƙwalwar allon, a ɗora shi nan take kafin tashin farko. Idan ana shakka, a fara ɗora manhajar ita kaɗai, in ta tashi an gane inda laifin yake. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, wanda ya canza uku a tare ba zai san wanne ya yi magani ba. Batir kuma ya haura rabi kafin a fara, tun da wutar lantarki ba ta da alkawari.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mu warware. Waɗansu suna tsammani da an zura kati an kunna, allo zai ɗauki manhaja da kansa. Wannan gaskiya ne ga waɗansu alluna kawai. Nook Color da aka fitar a Amurka a 2010 yakan fara duba kati kafin cikinsa, har mutane suka riƙa tafiyar da Android daga kati ba tare da sun taɓa ainihin manhajarsa ba. Haka nan ƙananan alluna masu ƙwaƙwalwar Allwinner, ana shirya musu kati da PhoenixCard, in an zura sai aikin ya fara da kansa. A irin waɗannan, kwafa fayil kurum ba ya wadatarwa, sai an rubuta katin da wannan manhaja, in an gama kuma a zare shi, in ba haka ba duk kunnawa sai ya sake sabon zubi. Sa'an nan lambar da za a bi ita ce wadda ke rubuce a jikin faifan cikin allon, domin alluna biyu masu kwali iri ɗaya sukan bambanta a ciki, sai a gama aiki a tarar gilashi ba ya jin taɓi. Sauran alluna kuwa, kati ɗan aike ne kawai, ɗakin gyara ke karɓar saƙon.

Idan ɗakin gyara ma ya ƙi buɗuwa, saura hanyar komawa gida, watau a mayar da manhajar kamfani ta asali ta kwamfuta: Odin ga Samsung, SP Flash Tool ga masu ƙwaƙwalwar MediaTek. Shi ya sa mai hankali yakan tanadi ta asali tun kafin ya taɓa kome, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma adana kwafin sashen da lambar IMEI take, in allon mai layi ne, domin in wannan sashe ya goge, layi ba zai kama ba. Ya cire asusunsa na Google kafin sharewa, don tun Android na 5.1 allon da aka share yakan nemi tsohon asusu kafin ya buɗe.

Dole mu faɗi abin da ake asara ko da aiki ya yi kyau. Garantin kamfani yakan faɗi. A Samsung akwai wata alama ta Knox wadda in ta tsinke ba ta komawa har abada. Manhajojin banki da yawa kuma sukan ƙi aiki a kan na'urar da aka buɗe wa ƙofa. Allon da za a karanta littattafai ko a koyar da yara da shi, wannan aiki yana iya ƙara masa shekaru. Wanda ake harkar kuɗi da shi kuwa, a yi tunani sau biyu.

Daga ƙarshe, kira ga masu gyaran waya, daga na Suleja har na Farm Centre a Kano. Filashin ba shi ne maganin kowace cuta ba. Kafin ku share allon mutum ku gaya masa ƙarara cewa kayansa za su tafi, ku ba shi dama ya kwashe, ku gwada katin a gabansa. Wanda kuma ya kawo allo a kulle ya kasa faɗin asusun da ke kai, ku nemi shaidar saye, kada sana'arku ta zama wurin wanke kayan sata. Masu alluna su ma su riƙa tambaya: wace manhaja za a sa, daga ina ta fito, akwai ta asali in abin ya ƙi? Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun batir mai kumbura da haɗarin da ke tattare da shi. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku.