Masu Digirin Digirgir Sun Ƙaurace wa Aji

A 2011, kunnen doki aka yi tsakanin jami'o'i da kamfanoni wajen ɗaukar sababbin masu digirin digirgir a fannin ƙirƙirarriyar basira a Amurka da Kanada. Zuwa 2022, in ji rahoton Jami'ar Stanford, kashi 70 cikin ɗari kamfanoni suka nufa, kashi 20 kacal suka zaɓi jami'a.

Ba albashi kaɗai ya ja su ba. Horar da manyan manhajoji na cin na'urori da lantarkin da suka fi ƙarfin aljihun jami'a, dole mai bincike ya bi inda injin yake.

Aiki kam akwai shi. Damuwar ita ce, masanan da ya kamata su tantance iƙirarin Google ko OpenAI ba sani ba sabo, yawancinsu yanzu albashin irin waɗannan kamfanoni suke ci.