Bayan BEPC: A ina ya kamata yaran Damargu su yi lise, a gida ko a Damagaram?

A duk shekara, da zarar an bayyana sakamakon jarrabawar BEPC a Jamhuriyar Nijar, gidaje da dama a gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram kan shiga shawarar inda yaron da ya ci zai yi shekaru ukun da suka rage masa kafin jami'a.

Shawarar ba ta tsayawa tsakanin uwa da uba. Sau da yawa wanda zai biya kuɗin yana Agadas, ko Tamanrasset, ko Sabha, ko Kano, ko kuma yana haƙar zinariya a arewacin ƙasar. Ta WhatsApp ake yi masa bayani, ta Nita ko Al Izza yake turo kuɗi, kuma galibi bai taɓa ganin makarantar da ake magana a kanta ba.

Kuskure a wannan mataki yana da tsada. A shekarun 2021 da 2023, waɗanda suka ci jarrabawar Bak a faɗin Nijar ba su kai kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba. Yaron da ya isa ajin tarminal ya faɗi, BEPC ɗin da ya riga ya samu kawai zai koma da ita gida, bayan an kashe masa kuɗin shekaru uku.

Ƙasa mai faɗi, azuzuwa kaɗan

Garin Tanut na da nisan kimanin kilomita 150 a arewa da birnin Damagaram, a kan hanyar Agadas. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna gundumar Tanut na da mutane sama da dubu 400, Belbeji kuma, wadda aka mayar gunduma mai cin gashin kanta a 2011, na da kusan dubu 100. Mutanen nan sun warwatsu ne a ƙauyukan noman gero da rugagen makiyaya, daga Olelewa da Gangara da Falanko har zuwa Tarka da Tenhiya, inda noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa.

An kai makarantun kwaleji cikin karkara a shekarun baya, abin da ya sa yara da yawa ke kaiwa ajin BEPC ba tare da sun yi nisa da gida ba. Azuzuwan lise kuwa sun taru ne a manyan garuruwa. Saboda haka ga ɗan ƙauyen Tenhiya ko na yankin Tarka, zaɓin ba tsakanin zama gida da tafiya yake ba. Ko a Tanut ne, ko a Belbeji, ko a Damagaram, barin ɗakin uwarsa zai yi. Abin da ya rage a tantance shi ne nisan tafiyar, da hannun da zai faɗa.

Rukunin karatu ya riga sunan makaranta

Bayan BEPC, hukumomin ilimi ne ke raba ɗalibai zuwa makarantun gwamnati, bisa la'akari da makinsu da shekarunsu. Wasu a tura su ajin sekond A, na adabi da harsuna, wasu sekond C, na lissafi da kimiyya, wasu kuma makarantun fasaha da koyon sana'a. Daga sekond C ne ɗalibi ke wucewa rukunin C ko D a shekara ta biyu.

Iyaye da yawa sukan ɗauki wannan harafi a matsayin abin malamai, su mayar da hankali kan sunan makaranta. Amma harafin ne ke buɗe ƙofar tsangaya ko ya rufe ta. Mai son karatun likita a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Bak na kimiyya ake nema a hannunsa. Haka ma mai son aikin injiniya a makarantar EMIG. Mai Bak A yana da shari'a, da aikin jarida, da koyarwa, da harsuna, da tarihi, kuma hanyoyi ne masu mutunci, sai dai komawa kimiyya daga nan abu ne mai matuƙar wuya.

Wannan batu ya shafi Damargu fiye da wurare da yawa. Matatar man SORAZ, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, tana cikin gundumar Tanut ne, kusa da Bakin Birji. Ayyukan ƙwararru a irin wannan masana'anta na masu ilimin sinadarai da lantarki da kanikanci ne. Idan yaran yankin ba su samu malamin lissafi da na fizik a sekond ba, to tun suna da shekaru 16 an riga an raba su da waɗannan guraben, kuma abin da zai rage musu shi ne gadi da tuƙi da leburanci a ƙofar matatar da ke ƙasar kakanninsu.

Kaso mai yawa na malaman Nijar 'yan kwantaragi ne, ana kuma cike giɓi da matasa masu bautar ƙasa. Malaman kimiyya ba su da yawa, kuma birni ya fi jan su, saboda a can suke samun ƙarin darussa a makarantu masu zaman kansu. Wannan ne babban dalilin da ya sa iyayen da yaransu ke da ƙoƙarin lissafi ke kallon Damagaram.

Masauki, gero da fitila

Damagaram na da abin da za ta nuna. Akwai Lise Amadou Kouran Daga, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun ƙasar, akwai makarantu masu zaman kansu da yawa, akwai ɗaliban jami'a da ke koyar da yara da yamma a kan kuɗi kaɗan. Sai dai aji rabin labarin ne. Sauran rabin yana gidan da yaro zai kwana.

Tsarin da aka saba shi ne a damƙa shi ga ɗan uwa ko wani sanannen gida. Wani mai masaukin kan riƙe yaron kamar ɗan cikinsa. Wani kuma nasa gidan ma da ƙyar tukunya ke hawa wuta sau biyu, sai baƙon ya zama ɗan aike, mai ɗibar ruwa a birnin da aka san shi da ƙarancin ruwa, ko mai tsaron shago. Waɗanda ba su da kowa kan haɗu su kama ɗaki, su riƙa dafa abin da aka aiko musu daga ƙauye. Yaro ɗan shekara 16 da ba mai tambayarsa inda ya wuni yana iya barin aji watanni kafin labari ya kai gida.

A nan lise na Tanut ko na Belbeji ke da fifikon da ba a cika lissafawa ba. Uba na iya zuwa ranar kasuwa ya ga ɗansa, ya ga malaminsa. Buhun gero na isowa a mota ɗaya. Idan yaro ya yi rashin lafiya, a ranar ake sani.

Akwai kuma batun lokaci. Ana komawa makaranta ne daf da kaka, lokacin da gero ke shigowa rumbu, dabbobi sun ƙoshi, farashinsu ya yi kyau. A wannan lokacin kowane gida na ganin zai iya. Watannin Mayu da Yuni kuwa, lokacin da ɗalibi ya fi bukatar abinci da natsuwa don jarrabawa, su ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, dabba ta rame ba ta da daraja a kasuwa. Gidan da ya yi lissafinsa da kuɗin Oktoba kaɗai, a zangon ƙarshe yake gane kurensa. Shekarar da damina ta zo da matsala kuma komai na iya jirkicewa, kamar a 2024, lokacin da ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Makarantun kuɗi: ba girin-girin ba, ta yi mai

Yaron da bai samu gurbi a makarantar gwamnati ba, ko wanda aka sallama bayan maimaita aji, makaranta mai zaman kanta ce mafitarsa. Wasu iyayen kuma da gangan suke zaɓarta, don gudun yajin aikin malamai da na ɗalibai da kan cinye makonni a makarantun gwamnati.

Makarantun kuɗi ba ɗaya suke ba. Akwai masu malamai na dindindin da tsari mai kyau. Akwai kuma waɗanda suka dogara da malaman gwamnati masu zuwa sa'o'i kaɗan, su cika aji da ɗalibai don kuɗin ya fito. Allon da aka kafa a ƙofa mai ɗauke da kason waɗanda suka ci Bak ba ya faɗin komai idan ba a san mutum nawa suka zauna ba. Makarantar da ta fara da ɗalibai masu yawa a sekond, ta riƙa zubar da masu rauni a hanya, ta gabatar da 'yan kaɗan a tarminal, za ta fito da kaso mai kyau ba tare da ta koyar fiye da kowa ba.

'Yan mata sun fi shiga tsaka mai wuya

Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinyar Damargu da ta kai ga cin BEPC ta riga ta tsallake shinge da yawa. Amma a daidai nan ne maganar masauki ke zama dalilin tsayar da ita, domin iyayen da za su saki ɗa namiji ya kama ɗaki a Damagaram ba za su yi wa 'ya mace haka ba, kuma tsoronsu ba na banza ba ne.

Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamban 2017 ta tanadi kare karatun yarinya har zuwa shekara 16, wato shekarun da lise ke farawa. Shirin makarantun kwana na 'yan mata da tsohon shugaba Mohamed Bazoum ya ƙaddamar a Kelle, cikin gundumar Gure, a 2021, ya fi karkata ga 'yan kwaleji. Shekaru ukun ƙarshe sun rage a wuyan iyali. Ga yarinya, lise mafi kusa da gida mai amintaccen masauki, wurin gwaggo ko inna, ya fi shahararriyar makarantar da za a janye ta daga ciki bayan zango ɗaya.

Sauran hanyoyi

Ba lise na gama-gari ne kaɗai ke kai wa ga Bak ba. Lise na fasaha na Ɗan Kasawa da ke Maraɗi ya daɗe yana yaye ɗalibai a fannonin masana'antu da kasuwanci, kuma yaro mai basirar hannu na iya fitowa da sana'a ko da bai wuce jami'a ba. Makarantun Faransanci da Larabci kuma na da karɓuwa a gidajen malamai, suna kuma buɗe hanyar Jami'ar Musulunci ta Say da jami'o'in ƙasashen Larabawa.

Wasu 'yan ci-rani na tunanin kai ƙannensu Najeriya, musamman tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, abin da ya sa kuɗin makaranta a Kano ko Katsina ya yi sauƙi ga mai sefa. Kundin da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu a watan Maris na 2025, wanda ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Dakatar da bizar ɗalibai da Faransa ta yi a 2023 ma ya sa mutane duba wasu wurare.

Amma yaron da ya yi shekaru goma yana karatu da Faransanci zai bukaci lokaci kafin ya iya zama jarrabawar WAEC ko NECO da ta JAMB da Ingilishi. Idan zai dawo gida neman aiki ko jami'a, sai takardarsa ta bi ta ofishin OBEECS mai tantance daidaiton takardu. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 kuma ya nuna yadda siyasa ke iya shiga tsakanin ɗalibi da ajinsa.

Tambayoyin da mai biya ya kamata ya yi

Kafin a turo jika ko ɗaya, akwai abubuwan da za a iya bincika cikin yini guda. Shin makarantar na da ajin tarminal na rukunin da yaron ke so, ko a sekond za ta tsaya da shi? Wane ne malamin lissafi da na fizik, kuma bara ya kai ƙarshen shekara? Ɗalibai nawa suka zauna Bak bara, nawa suka ci? Idan mai zaman kanta ce, tana da izinin gwamnati? A gidan wa yaron zai kwana, akwai wuta ko fitilar karatu, kuma wa zai je karɓar takardar makinsa?

Zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda ke Aljeriya ko Libiya ba zai iya zuwa ba, amma yana iya wakilta tsohon ɗalibi ko malamin da ya amince da shi, ya kuma biya kuɗin makaranta kai tsaye a karɓi rasit. Raba kuɗin abinci wata-wata har zuwa Yuli ya fi tura shi dunƙule a farkon shekara.

Yaron da ke da ƙarfi a kimiyya, yana kuma da gida amintacce a birni, Damagaram na iya zama daidai gare shi. Wanda ba shi da masauki mai kyau, ko wanda rukunin da yake so yana nan a Tanut ko Belbeji da malamansa, zamansa kusa da gida ya fi masa.

Abin da zai rage wa iyaye wannan caca yana hannun hukuma da 'yan asalin yankin: tura malaman kimiyya da riƙe su a Tanut da Belbeji, gina wuraren kwanan ɗalibai, musamman mata, da wallafa sakamakon kowace makaranta tare da adadin waɗanda suka zauna. Ƙungiyoyin 'yan Damargu mazauna Yamai da ƙetare, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don rijiya da masallaci, na iya fara wa da hayar gida ɗaya mai mai kula a kusa da lise kafin komawar makaranta mai zuwa.