Inshorar taya da wili: Ma'aikaci ya yi lissafi kafin ya sa hannu

Duk ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba ko Suleja ko Gwagwalada da sassafe don ya riski ofis a Sakatariyar Tarayya ya san ƙarar da mota ke yi idan ƙafarta ta faɗa ramin da ruwan sama ya rufe. Ya kuma san abin da ke biyo baya. Zai gangara gefen titi ya duba, ya tarar taya ta yi ƙullutu ko wili ya lanƙwashe, alhali saura mako biyu a yi albashi. Wannan fargabar ita ce jarin masu tallar inshorar taya da wili, wato yarjejeniyar da mai mota zai biya wani kuɗi tun farko, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin gyara ko sauya masa taya da wili idan ƙusa ko kwalba ko rami ya lalata su.

Ana yin wannan ciniki a wuraren dillalan motoci a Amurka da Birtaniya. A can sai an gama daidaitawa a kan farashin mota, mai saye ya gaji, ya ƙosa ya karɓi makulli, sannan a bijiro masa da jerin ƙananan yarjejeniyoyi da za a ɗora a kan bashin motar. Ta taya da wili na cikin waɗanda aka fi tallatawa. Batun ya shafi masu karatunmu domin irin waɗannan tsarabe-tsarabe bashin mota suke bi duk inda ya je, kuma tun a 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin sayen kaya bashi wanda aka fara da ma'aikata. Akwai kuma jami'an da ake turawa ofisoshin jakadanci, da hadiman da ke sayo motoci a madadin iyayen gidansu ko ma'aikatunsu. Kowanensu zai iya tsintar kansa gaban wannan takarda, da biro a hannu.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, ga mafi yawan ma'aikatan da ke hawa motocin gida irin su Corolla da Camry da Accord, wannan inshora ba ta kai kuɗinta ba. Akwai 'yan tsirarun da za ta yi wa rana, kuma za mu ambace su. Sauran kuwa sun fi cin riba idan suka zuba kuɗin a kan taya mai kyau da asusun ko-ta-kwana.

Ba mu raina dalilan da ke sa mutum ya yi sha'awar tayin ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Legas a 2008, tayoyin motocin da muke hawa daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma dala yake bi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin Naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, yayin da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a Naira 70,000 tun watan Yulin wannan shekarar. Ga shi inshorar da doka ta wajabta, wadda Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ɓarnar da direba ya yi wa wani kawai take biya, ba ruwanta da motarsa. Ita ma cikakkiyar inshora a al'ada ba ta biyan tayar da ta fashe ko ta huje ita kaɗai, sai idan motar ta lalace tare da ita a haɗari guda. Saboda haka giɓin da ake cewa za a cike na gaske ne. Abin tambaya shi ne ko wannan takarda tana cike shi, kuma a kan nawa.

Amsar tana cikin ƙananan rubutun da ba kowa ke karantawa ba. Irin waɗannan yarjejeniyoyi ba sa biyan tayar da ta suɗe saboda tafiya, kuma da zarar zurfin zanenta ya ragu zuwa wani ma'auni, galibi kusan milimita 1.6 ko sama da haka kaɗan, ta fita daga kariya ko da ƙusa ce ta huda ta. Da yawa ba sa biyan ƙarzuwar wili a bakin kwalbati, sai dai idan ya daina riƙe iska. Ba sa biyan sata ko yankan ganganci, ko lalacewar da ta samo asali daga ƙarancin iska da lodi fiye da kima. Wasu sun cire hanyoyin da ba su da kwalta da wuraren da ake aikin titi. Mai gida a lungunan Lugbe ko Karshi ko Dutsen Alhaji, wanda sai ya ratsa turɓaya da kwazazzabai kafin ya hau kwalta, ya tambayi kansa abin da ya rage masa bayan an cire waɗannan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ya kamata mai saye ya san rariya ce ake miƙo masa.

Lissafin ma ba shi da wuya. Mai mota ya tambayi farashin sabuwar taya guda irin tasa a kasuwar Apo, ya raba kuɗin inshorar da wannan farashi. Idan abin da ya fito biyu ne, to sai ya lalata tayoyi uku a cikin wa'adin, ta hanyar da kamfani ya amince da ita, kafin ya ce ya ci riba. Daga nan ya tuna shekaru ukun da suka wuce, ya ƙirga sau nawa ya jefar da taya saboda rami, ban da wadda mai faci ya toshe masa cikin minti ashirin. Mafi yawan direbobi za su tarar da cewa faci ne ya fi yawa a tarihinsu, faci kuwa bai kai a yi masa inshora ba. Ka'idar da masana harkar suka daɗe suna faɗa ita ce, asarar da za ta durƙusar da mutum ake yi wa inshora, kamar gobara ko mummunan haɗari. Wadda aljihu zai iya ɗauka, ko da da ƙyar ne, tanadi ake yi mata.

Akwai abubuwa biyu da ke ƙara lalata lissafin a ƙasarmu. Na farko kuɗin ruwa. Idan aka cusa kuɗin inshorar a cikin bashin mota, ma'aikaci zai yi ta biyan ruwa a kansa har ƙarshen bashin, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗorawa a kan haka. Na biyu hauhawar farashi. Yarjejeniyar da ta ƙayyade iyakar abin da za a biya a kan kowace taya da Naira tana iya zama rabin kariya bayan shekara biyu, domin adadin da ke takarda yana nan inda yake, farashin kasuwa kuwa ya yi gaba.

Ko a ƙasashen da sa ido ya fi ƙarfi, irin waɗannan ƙarin yarjejeniyoyi sun sha jawo ƙorafi. A farkon 2024 hukumar da ke kula da hada-hadar kuɗi a Birtaniya ta sa kamfanoni suka dakatar da sayar da wata inshora da dillalan motoci ke liƙa wa masu saye, wadda ke cike giɓi tsakanin kuɗin da aka sayi mota da ƙimarta ranar da ta lalace. Hukumar ta gano cewa kashi 6 cikin ɗari kacal na kuɗin da jama'a suka zuba ne ya koma musu a matsayin diyya, wasu kamfanoni kuma suna ba masu tallar kamasho har kashi 70. Ba inshorar taya ba ce wannan, amma a teburi ɗaya ake sayar da su, kuma darasin ɗaya ne: idan dillali ya matsa a kan wata takarda fiye da yadda ya matsa a kan motar, akwai rabonsa mai tsoka a ciki.

Sai kuma batun yadda za a karɓi haƙƙi. Yawancin yarjejeniyoyin suna buƙatar a kira kamfani a samu izini kafin a taɓa tayar, a kai motar wurin gyaran da suka amince da shi, a kuma ajiye lalatacciyar don a duba. Wanda tayarsa ta fashe bayan magariba tsakanin Abaji da Lokoja, ko a hanyar Kaduna da iyalinsa a mota, ba zai tsaya jiran a ɗauki waya ba. Zai sa safaya, ko ya sayi duk tayar da ya samu a gari na gaba, ya bar wurin. Idan ya dawo Abuja aka ce masa ya saɓa sharaɗi, ya yi biyu babu.

Waɗanda tayin zai iya yi wa amfani su ne masu sababbin motoci na alfarma da ke da manyan wili na alminiyom da tayoyi masu gajeren gefe. A jikin kowace taya akwai lambobi kamar 195/65, kuma lamba ta biyu tana nuna tsayin gefen tayar idan aka kwatanta da faɗinta. Mai 65 tana da isasshen roba da iska da za su shanye dukan rami. Mai 40 ko 45 kuwa dukan kai-tsaye yake isa ga wili, shi kuma na alminiyom tsagewa yake yi a inda na ƙarfe zai lanƙwashe a buga a miƙe. Ga irin wannan mota, wili guda da taya guda na iya cin kuɗi mai yawa, kuma lissafin na iya juyawa. Sai dai duk wanda ya ga yana buƙatar wannan kariya, ya fara tambayar kansa ko motar ta dace da hanyar da yake bi kullum.

Babban abin da muke tsoro shi ne takardar ta sa mutum ya saki jiki. Inshora na iya mayar da kuɗin taya, amma ba ta hana ta fashewa a kan gudu. Ma'aikatan tarayya ba su manta da ranar 6 ga Maris, 2016 ba, lokacin da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗin cewa taya tana da wa'adin shekara huɗu daga ranar da aka ƙera ta. Ranar tana rubuce a gefenta da lambobi huɗu: 2322, alal misali, na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Tayoyin gwanjo da aka haramta shigo da su amma suka cika kasuwa, da yawansu sun haura wannan wa'adi tun kafin su iso. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Don haka shawararmu ga ma'aikaci ita ce ya sayi sabuwar taya daga wurin da zai ba shi rasit, ya duba ranar ƙira da idonsa. Ya riƙa auna iska taya na sanyi, bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, domin masu faci da yawa sun saba ɗura iska fiye da kima. Ya tabbatar safaya tana da iska, jak da sifana suna cikin but. Sannan kuɗin da zai ba dillali, ya riƙa ware shi kaɗan-kaɗan kowane wata a asusu na daban ko a ƙungiyar gama-kai ta ofis. Idan rami ya ci taya, kuɗin na nan babu cike fom. Idan Allah ya tsare, kuɗin nasa ne.

Wanda duk da haka ya ga yana so, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya karɓi takardar ya tafi da ita gida ya karanta. Ya nemi sunan kamfanin da zai biya diyya, ya tabbatar yana da lasisin NAICOM, domin alkawarin dillali kaɗai yana mutuwa ranar da ya rufe shago. Ya nemi a rubuta masa iyakar kuɗi da adadin tayoyin da za a biya, da wuraren gyara a wajen Abuja, da abin da za a mayar masa idan ya sayar da motar ko ya fasa. Wanda ke da damuwa ta fuskar addini ya tuntuɓi kamfanonin takaful masu lasisi. Kuma kowa ya sani, wannan ƙari ba dole ba ne, ba kuma sharaɗin samun bashi ba ne sai an nuna masa haka a rubuce.

Ga hadimai da jami'an saye-saye, amanar ta fi nauyi. Kuɗin da za su sa wa hannu na wani ne, sau da yawa ma na al'umma. Ma'aikatar da ke da motoci masu yawa ba ta buƙatar irin wannan takarda, domin abin da za ta biya wa dukansu ya isa ta sayi tayoyin da za su lalace har da rara. Abin da take buƙata shi ne rajistar da ke nuna shekarun kowace taya da ranar da za a sauya ta, da direban da ba zai ji tsoron gaya wa maigida cewa motar ba ta cancanci tafiya ba.

Muna kira ga NAICOM da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye da su tilasta wa duk mai sayar da irin wannan kariya ya bayyana farashinta daban da na mota, ya rubuta abubuwan da ba ta biya a shafin farko, ya kuma ba mai saye 'yan kwanaki na fasawa. Ma'aikatar Ayyuka da Hukumar Gyaran Hanyoyi ta FERMA da Hukumar Babban Birnin Tarayya kuwa su tuna cewa ramin da ake sayar wa ma'aikaci inshora a kansa, tun daga albashinsa aka cire harajin cike shi. Bai kamata ya biya sau biyu ba.