FILIN MATA: Kuɗi Ma Kaya Ne



Yau zancenmu a kan canjin kuɗi ne. Kada wata ta ce wannan sha'anin maza ne. Matan Katsina da na Jibiya suna ƙetarawa Maraɗi sayen atamfa da turare, matan Maraɗi kuwa suna zuwa Kano haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. Kowaccensu sai ta tsaya gaban ɗan canji, a nan ne kuwa riba kan zube tun ba a shiga kasuwa ba.

Abin da za ku riƙe shi ne, kuɗi ma kaya ne, kamar gero. Yana da farashi, yana hawa yana sauka. In masu neman sefa sun yi yawa, masu sayarwa kaɗan, sai ta yi tsada. Kuma farashin biyu ne, akwai na saye, akwai na sayarwa. A ce ɗan canji yana sayar da sefa 1,000 a kan naira 2,600, yana sayenta a kan naira 2,500. Kin ba shi naira 130,000, ya ba ki sefa 50,000. In kika fasa tafiya kika mayar masa nan take, naira 125,000 zai ba ki. Naira 5,000 ta tafi, ba ki sayi ko allura ba. Wannan ba zamba ba ce, abincinsa ke nan. Amma ya kamata ki san girman ratar kafin ki kwance bakin zane.

To, me ya sa farashin bara ba shi ne na bana ba? Tun shekarar 1999 an ɗaure sefa da Yuro, kuɗin Turai. Yuro ɗaya sefa 655 ce da 'yan kai, ba ta motsi. Naira kuwa ba a ɗaure take ba. A watan Yuni na 1923 ba a san ta ba ma, don sai a 1973 ta maye gurbin fam. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sake ta, kasuwa ta yanka mata farashi. Kafin nan dalar Amurka ɗaya wajen naira 460 ce a banki, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Da naira ta faɗi a gaban dala da Yuro, tilas ta faɗi a gaban sefa. Ita ma sefar ta taɓa ɗanɗana tata, a watan Janairu na 1994 aka rage darajarta da rabi dare ɗaya. Saboda haka wadda ke zuba adashi don sayen kaya a ƙetare, ta riƙa tambayar farashi wata wata, kada ta dogara da lissafin da ta yi tun farkon zubi.

Sa'an nan a lura da bakin ƙirga. A Nijar in an ce dala, ba ta Amurka ake nufi ba, sefa 5 ce. Dala ashirin watau sefa 100. Jaka ɗaya a can dala 200 ce, watau sefa 1,000. A Nijeriya kuwa jaka naira 200 ce, domin dā fam 100 ce, fam ɗaya kuma ya zama naira biyu. Kun ga suna ɗaya, kuɗi dabam. In ciniki ya faɗa, ki ce a faɗa miki adadin filla filla.

Ga shawarata. Ki tambayi mutum biyu ko uku kafin ki canza, matambayi ba ya ɓata. Ki tambayi farashin saye da na sayarwa duka. Ki yi lissafin da kanki, ko ɗanki ɗan makaranta ya buga miki a waya. Kada ki canza fiye da bukatarki, don kada ki biya ratar sau biyu. Kuma kada ki yarda da "je ki dawo". Malamai sun ce canjin kuɗi hannu da hannu ake yinsa. Ki ƙirga naki a gabansa, ki ƙirga nasa a gabansa, sa'an nan ki tashi.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, amin. Sai mako mai zuwa.