Jirgi Mai Saukar Ungulu Ba Zai Shiga Lungun Nima Ba

Jama'a, tun bayan gobarar da ta cinye kasuwar Kantamanto ranar 2 ga Janairun 2025, magana ɗaya muke ta ji a majalisun Nima da Mamobi: me ya hana gwamnati sayen jirgi mai saukar ungulu na kashe gobara, irin wanda ake gani a Amurka da Ostireliya?

To, ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wannan jirgi da guga yake aiki. Ana rataya masa ita da igiya, ya ɗebo ruwa a kogi ko madatsa, ya zuba kan daji mai cin wuta. A daji yana da rana, kuma dattawanmu ba su manta wutar dajin 1983 ba, wadda ta ƙone gonakin koko da na abinci, yunwa ta biyo baya. Amma kasuwa daban take. Wutar tana ƙarƙashin kwanon rufi, ruwan sama zai gangare ne kawai, iskar fukafukan kuma ta ƙara hura ta. Ga shi gobarar kasuwa ta fi tashi da tsakar dare, lokacin da tashin jirgi ke da haɗari.

Inda muke buƙatarsa shi ne ceton rai. Mu da muke fatauci tsakanin Ankara da Aflao, ko mu bi ta Kumasi da Tamale har Paga, mun san yadda wanda ya yi hatsari ke zubar da jini a bakin titi, babban asibiti na da nisan awoyi. Haka a ambaliya, kamar ta Mepe a 2023 da aka saki ruwan Akosombo. A nan ne jirgi ke isa inda mota ta kasa.

Sai dai saye ba shi ne ƙarshen magana ba. Ranar 6 ga Agustan 2025 jirgin soja ya faɗi a kan hanyar Obuasi, mutum 8 suka rasu, har da ministoci biyu, Edward Omane Boamah da Ibrahim Murtala Mohammed. Jirgi na son kuɗin gyara, ƙwararrun matuƙa da na'urar duba yanayi. Saboda haka muna kira ga 'yan majalisarmu su nemi jirgin ceto da kasafinsa na shekara-shekara.

Sauran aikin namu ne. Mu muka toshe hanyar motar 'yan kwana-kwana da tebura, mu muke jan wayar lantarki barkatai, mu muke barin garwashi a rumfa. Shugabannin kasuwa su zauna da hukumar kashe gobara a buɗe hanya, a duba famfunan ruwa kafin hunturu, kowane layi ya yi karo-karo ya sayi tukunyar kashe wuta. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya kiyaye mana dukiya da rayuka, amin.