Tabon Jini a Ibiza da Abin da Ya Kamata Ya Dame Mu

A watan Mayun 2023 an gudanar da wata gasa a tsibirin Ibiza na ƙasar Sifaniya, irin wadda ake haɗa wasanni uku a jere ba hutu, ana kiranta tirayatulon. 'Yan wasa suka faɗa teku suka yi iyo na kilomita 2, suka fito suka hau keke suka ci kilomita 80, sannan suka sauka suka yi gudun kilomita 18 a ƙafa. Bajamushiya Anne Haug ce ta lashe ɓangaren mata. Sai dai wadda aka fi yin magana a kanta bayan an tashi ita ce ta huɗu, Emma Pallant-Browne 'yar Birtaniya, saboda wani hoto da aka ɗauke ta tana cikin gudu, tabon jinin al'ada ya fito a jikin rigarta mai hasken launi.

Da hoton ya fita, wani ya ce kamata ya yi a yanke ƙasansa kafin a wallafa. Ita kuwa sai ta sake yaɗa shi da hannunta, ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce zafi yana wahalar da ita a gasa har takan suma, shi ya sa ta zaɓi riga mai haske wadda ba ta tara zafi. Ta ce a ranakun da jinin ya yi yawa babu audugar da za ta riƙe shi tsawon sama da awa uku ana tsere. Ta kuma faɗi abin da a ganina ya fi kome muhimmanci: lokacin da take tasowa a matsayin 'yar gudu ta yi fama da matsalar cin abinci har al'adarta ta ɗauke, don haka yanzu zuwan jinin abin farin ciki ne a wurinta.

Na san mai karatu zai iya cewa wannan al'amari ne na Turawa, kuma shigar da ake yi a irin wannan gasa ba tamu ba ce. Haka ne, kuma ba shigar nake karewa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda dubban mutane suka tsaya gardama a kan tabon da ake gani, alhali hatsarin da ke lalata lafiyar mata 'yan wasa yana wurin da ido ba ya kaiwa.

Bari mu fara da abin da mace ke fuskanta idan ranar gasa ta faɗo cikin kwanakinta. Gasar Ibiza ma gajera ce idan aka gwada ta da uwar gasannin, wato Ironman, wadda aka fara a Hawaii a 1978: iyo na kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.2. Gwanaye kan gama a cikin awa takwas zuwa tara, sauran jama'a kuwa bisa al'ada ana ba su har awa 17. Ranar gasar an tsayar da ita tun watanni, an biya kuɗin shiga, an yi horo na shekara guda, ba a ɗaga ta don kowa. Sinadaran da ke sa mahaifa ta matse don fitar da jini su ne ke kawo ciwon mara, kuma sukan taɓa hanji su jawo gudawa. Audugar da ake mannawa ba ta da amfani a cikin ruwa, a kan keke kuma tana goge fata. Wadda ake cusawa ba a so ta wuce awa takwas a jiki, don haka dole a sauya ta a hanya, a bayan gida na wucin gadi, agogo yana tafiya. Maganin da aka saba sha don ciwon mara, irin su ibuprofen, likitoci suna gargaɗi a kansa a dogon tsere, domin idan ya haɗu da ƙarancin ruwa a jiki yana iya cutar da ƙoda.

Duk da haka, al'ada ba ta hana bajinta. Paula Radcliffe ta bayyana cewa tana fama da ciwon mara lokacin da ta kafa tarihin duniya a gudun famfalaki na Chicago a 2002. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 kuwa, 'yar ninkayar Sin Fu Yuanhui ta faɗa a gaban kyamara cewa al'adarta ta zo daren jajibirin tseren, kuma ta ji kasala sosai. Mata biyu, jiki biyu, sakamako daban. Wani babban nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa idan aka ɗauki mata a dunƙule raguwar ƙwazo a kwanakin farko na al'ada kaɗan ce ƙwarai, amma bambanci tsakanin mace da mace yana da girma. Shawarar masanan ita ce kowace ta riƙa rubuta kwanakinta da yadda take ji, a tsara mata horo a kan haka. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Yanzu ga hatsarin da na ambata. Idan mace tana ƙona ƙarfi a horo fiye da abin da take ci, jiki yakan fara tsimi, kuma cikin abubuwan da yake fara rufewa har da al'ada. Shekaru da yawa wasu masu horarwa suna ɗaukar wannan alamar cewa yarinya ta ƙware, ita ma tana murna ta huta da wahala. Gaskiyar ita ce idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin ya yi ƙasa, shi ne kuwa ke taimakawa wajen riƙe ƙarfin ƙashi. Sai ka ga budurwa 'yar shekara ashirin ƙashinta yana tsagewa kamar na tsohuwa, kuma ƙarfin ƙashin da aka rasa a ƙuruciya ba lalle ya dawo duka ba. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan wannan larura ta ƙarancin kuzari a wasanni, ya nuna tana shafar zuciya da garkuwar jiki da lafiyar ƙwaƙwalwa. A ɗaya gefen kuma, wadda jininta ke zuba da yawa tana asarar sinadarin ƙarfe kowane wata, ƙarancin jini ya kama ta, numfashi ya riƙa gaza mata, a ce mata raguwa ce. Duka matsalolin biyu ana gano su cikin sauƙi, ana kuma maganinsu, muddin an yi tambaya an kuma ba da amsa.

To wa zai tambaya idan maganar kanta an mayar da ita abin kunya? Ko a Turai sai kwanan nan aka fara sassautawa. A 2023 ne gasar tanis ta Wimbledon ta yarda mata su sa gajeren wando mai duhu a ƙarƙashin fararen kayansu, kuma a shekarar ce 'yan ƙwallon mata na Ingila suka bar farin wando suka koma shuɗi, bayan sun koka da fargabar tabo.

Mu nan ba mu da uzurin yin shiru. Yaran Islamiyya suna karanta hukuncin haila a Ahalari da Risala, malami yana fassarawa a fili. An kuma ruwaito Nana A'isha tana yabon matan Ansar domin kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Idan an halatta tambaya don gyara salla, ban ga dalilin hana ta don tsare lafiya ba. Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka ina kira ga iyaye mata da malaman motsa jiki a makarantunmu da masu horar da 'yan mata a filayen wasa. Yarinyar da ta ce mararta na ciwo a saurare ta, a bar ta ta yi gwargwadon ikonta. Wadda jini ya ɓata wa tufafi a rufa mata asiri, a ba ta abin sauyawa, kada a yi mata dariya. Wadda ke yawan haki da jiri a duba jininta. Wadda kuwa al'adarta ta ɗauke wata uku ba tare da juna biyu ba, a kai ta ga likita, a kuma dubi abin da take ci. Tabon da ya fito a rigar Emma ruwa da sabulu sun isa su fitar da shi. Ƙashin da ya lalace saboda an yi shiru, mai shi za ta ɗauke shi har tsufa.